Na ci abinci a gidan abincin "baƙin halittu" na Rachel, ga yadda na gan shi

Jama'a tun da na ɗora hoton nan na motar janwe da ta rataye wani abu kamar faifai, irin jirgin da ake cewa baƙin halittu na zuwa da shi, ake ta tambayata a inbos wai ina ne wannan wajen, wasu har cewa suke haɗa hoton nai. Wallahi ba haɗi bane. Sunan wajen Little A'Le'Inn, gidan abinci ne haɗe da masauki a wani ɗan mitsitsin ƙauye da ake kira Rachel a jihar Nevada ta Amurka, kuma shi ne ƙauyen da ya fi kusa da sansanin nan na soja Area 51 da ake ta cewa wai a can gwamnati ta ɓoye baƙin halittun da suka zo daga wasu duniyoyi.

Ni da wani abokina ɗan Damagaram muka je, shi ne ma ya matsa, dan ni ban cika yarda da irin labaran nan ba. Daga Las Vegas wajen mil 150 ne, tafiyar awa biyu da rabi in baka tsaya ba, ka bi titin 93 ka yi arewa, ka wuce Alamo sannan ka karya kan titin 375. Shi wannan titin gwamnatin jihar ce da kanta ta raɗa masa suna Extraterrestrial Highway a 1996, wato titin baƙin halittu, kaga kenan su ma sun gane akwai kuɗi a harkar. Shawara ta farko, ka cika tankinka tun a Alamo ko Ash Springs, kar ka ce sai gaba. Ta biyu kuma shanu. Ba shinge a hanyar, shanun makiyayan wajen yawo suke abinsu, sai ka sha kwana ka tarar da saniya baƙa wuluk ta kwanta tsakiyar kwalta tana tuƙa ko a jikinta. Abokina yace "mutumina wannan ai hanyar Tanout ce aka zuba mata kwalta mai kyau", kuma gaskiyarsa, fili fetal, duwatsu can nesa, ba bishiya ba inuwa, netwok ma yana zuwa yana ɗaukewa.

Wanda ya ɓata mana rai a tafiyar kamfanin da muka ɗau hayar mota ne, ba zan kama sunansu ba, sun bamu mota esi ɗinta na hura iska mai zafi kamar bakin tanda, haka muka sauke gilas muka sha ƙura har muka isa. Allah ya isa dai.

Ƙauyen kansa mutanen cikinsa basu fi hamsin ba, gidajen ma yawanci irin na tirela ne. Kana isowa zaka ga janwen nan da faifan, da allo mai hoton halitta mai ƙaton kai da manyan idanu yana yi wa 'yan duniya maraba. Kana tura ƙofa abin da zai fara ɗaukar idonka rufin saman kanta ne, an manne shi da takardun dala ɗai-ɗai, baƙi ne ke rubuta sunansu da garinsu su bari. Bango kuma duk hotuna ne da mutane suka ɗauka na fitilu a sama, wasu dishi-dishi kamar an ɗauka da wayar rakani kashi, wasu kuma sai ka tsaya ka ƙura ido ka ce to wannan kuma mene ne. Gefe guda ga kayan tsaraba, riguna, kofuna, hula, 'yar tsanar halitta koriya.

Abinci fa? Abin da suka yi suna da shi boga ne da suke kira Alien Burger, amma mu saboda maganar yanka bamu taɓa nama ba, na tambayi matar da ke kawo abinci ko akwai abin da ba nama ba naman alade, bata nuna wani mamaki ba ta lissafo mana. Burodi da cuku da aka gasa muka ci da soyayyen dankali da kofi. Abinci ne na kan hanya, mai zafi, ya cika ciki, ba wani girki ne da zaka kira gida ka bada labarinsa ba kuma su ma basu ce shi ne ba. In ka tuna komai daga nesa ake kawo musu shi, kuɗin ma bai yi yawa ba. Ku sani dai wajen akwai mashaya a ciki, ana sayar da giya, mu teburin can gefe muka zauna ba wanda ya dame mu. Sallah kuwa a waje muka shimfiɗa darduma bayan mota, filin Allah ga shi nan har ya yi yawa.

Amma abin da ya sa nake cewa wajen ya ci kuɗinsa hira ce. Wani dattijo da muka tarar, da hularsa ta kaboyi, ya ja kujera ya dawo kusa da mu ya shiga bamu labarin wata fitila ja da ya gani shekarun baya ta tsaya cak a sama sannan ta rabu uku ta ɓace. Yana faɗa hannunsa na rawa, ba alamar wasa a fuskarsa. Ni dai ina jinsa sai kakata ta faɗo min a rai, yadda take bamu labarin wutar da ake gani a bakin fadama da tsakar dare, ita a wajenta aljanu ne suka kunna, shi a wajensa baƙi ne daga sama. Yanayin muryar iri ɗaya sak.

Kuma in ka lura da yawa daga manyan labaran nan a ƙauye suke faruwa. Na Roswell a 1947 wani mai kiwo ne ya tsinci tarkace a filin kiwon da yake kula da shi a New Mexico, aka yi ta cewa na jirgin baƙin halittu ne, sai 1994 sojan saman Amurka suka fito suka ce balan-balan ce ta wani shirin sirri mai suna Mogul da ake sauraren gwajin nukiliyar Rasha da shi. Na Kelly a Kentucky a 1955 wasu iyali ne a gidan gona suka kwana suna harbin wasu ƙananan halittu da suka ce sun kewaye gidan, masu bincike da yawa suka ce manyan mujiyoyi ne. Har nan Afirka akwai na makarantar Ariel a Ruwa ta Zimbabuwe, Satumbar 1994, yara wajen sittin suka ce sun ga wani abu ya sauka bayan filin wasa, har wani likitan ƙwaƙwalwa daga Harvard, John Mack, ya je ya yi hira da su. Wannan na yaran shi ne har yau yake ɗan tsaya min a rai in faɗa muku gaskiya.

Shi kuwa Rachel abin da ya tashe shi wani mutum ne Bob Lazar, a 1989 ya fito a talabijin ɗin Las Vegas yace ya yi aiki a kan jiragen baƙin halittu a kusa da Area 51, daga nan mutane suka fara tururuwa. Sai a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta saki takardun da suka amsa cewa eh sansanin yana nan, a 1955 aka fara gwada jirgin leƙen asiri U-2 a wajen, jirgin da ke tashi sama da ƙafa 60,000 lokacin da ba wanda ya san jirgi na iya kaiwa can. Rana ta faɗi a ƙasa amma shi can sama hasken na dukansa yana ƙyalli, to manomin da ya ɗaga kai me kake so ya ce? Na faɗa wa dattijon nan haka, ya yi dariya yace ai abin da suke so ka yarda da shi kenan. Abokina ya taɓa ni yace "kai Malam ƙyale baba ya ƙarasa labarinsa". Na ja bakina na yi shiru.

Da la'asar muka bi hanyar burji zuwa ƙofar baya ta sansanin. Ba komai a wajen sai shinge da kyamarori da alluna masu gargaɗi, da farar mota a kan tudu da masu gadi a ciki suna kallonka. Dan Allah in kun je kar wanda ya ce zai gwada tsallaka layin, kamu ne da tara. Ko a 2019 da mutum sama da miliyan biyu suka danna a Facebook wai za su afka wa wajen ranar 20 ga Satumba, 'yan dubbai ne suka zo yankin, aka sha kiɗa aka watse.

Mun kwana a masaukin nasu, ɗakunan a cikin tirela suke, banɗaki na haɗaka ne da ɗakin kusa, a share tsaf, ba wani ƙyale-ƙyale. Wanda ya saba da otal mai tauraro biyar ya koma Vegas ya kwana. Mu dai dare muka zo gani, kuma kai! Rabona da ganin taurari haka tun ina yaro muna kwana a tsakar gida lokacin zafi an ɗauke wuta. Wajen ƙarfe goma sai ga wasu fitilu a jere kamar carbi suna tafiya a hankali ba ƙara, abokina ya miƙe tsaye yana salati yana cewa "ka gani ko, ka gani ko", ni kaina sai da gabana ya faɗi kafin na tuna taurarin ɗan adam ne na Starlink. Har yanzu bai yafe min ba da na faɗa masa.

Maki na, huɗu cikin biyar. Ku tafi da ruwa da yawa da rigar sanyi ko da bazara ne dan dare na yin sanyi, kuma kar ku yi tuƙin dare saboda shanun nan. Da safe kafin mu tafi na laluba walat na samu tsohuwar naira ɗari biyu, na rubuta Kano a jiki na miƙa aka manna min ita a rufin, tana ɓangaren hagu in ka shigo, wanda ya je ya duba min ko tana nan.