Bakan dutse: me ya sa Yuta ke da shi, Kufena babu?

Wani ɗan'uwa daga Barnawa ya tambaya me ya hana duwatsun Kufena da Kajuru na jihar Kaduna hujewa su yi baka, irin wanda ya gani a hoton gandun Arches na jihar Yuta a Amurka. Malam, asalin dutsen ne ya bambanta.

Na Yuta dutsen yashi ne, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ƙarƙashinsa akwai gishiri mai kauri da teku ta bari wajen shekara miliyan 300 da suka wuce. Gishiri ba ya jure nauyi, sai ya riƙa zamewa yana tunkuɗo abin da ke kansa, dutsen ya tsattsage layi-layi. Ruwa ya bi tsagun ya ci su, aka samu siraran katangu a tsaye. Sauran aikin a gindi yake: ruwan da dutsen ya tsotsa yakan tsaya inda ya tarar da shimfiɗar da ba ta sha, ya narkar da abin da ya liƙe yashin. Da sanyi kuma ya daskare cikin tsaga, ya ɓamɓare gutsure. Ƙasan katanga ya huje, sama ya zauna.

Namu giranit ne, narkakken dutse da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 baya. Dunƙulalle ne, ba shimfiɗa, ba siririyar katanga. Da zaizaya ta sauke masa nauyin da ke kansa, sai ya riƙa saɓa kamar ɓawon albasa, shi ya sa kake ganin falalen dutse mai ƙoƙon kai da mulmulallun duwatsu a gindi. Ga ruwa: Kaduna na samun sama da milimita 1,000 a shekara, Arches bai fi 250 ba, kuma a Kaduna ba ya daskarewa.

In ka ga ƙofa a Kajuru, bi ta da ido daga ƙafa zuwa ƙafa. Akwai gaɓa a sama? To duwatsu biyu ne suka jingina. Baka na gaskiya jiki ɗaya ne.

Shugaban Amurka Herbert Hoover ya killace Arches a 1929, wurin ya zama gandun ƙasa a 1971, yana da bakuna sama da 2,000. Ba sa dawwama kuwa: bakan da ake kira Landscape Arch mai faɗin mita 88 ya zubar da wani ƙaton ɓangare a 1991, Wall Arch ya rushe a 2008. Ta nan Kufena ta fi su ƙarko, ga ragowar tsohuwar ganuwa a kewayenta.

Mai son ganin baka ba sai ya je Amurka ba. Bakan Aloba na tsaunukan Ennedi a Chadi dutsen yashi ne, tsayinsa ya kai wajen mita 120, kuma UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2016.