Zagayen gonakin inabi a Valdobbiadene: hawan tudun ya biya kuɗinsa

Zagayen rabin yini da ƙananan gonaki ke shirya wa baƙi tsakanin Conegliano da Valdobbiadene, a lardin Treviso na arewa maso gabashin Italiya, kashi biyu ne: hawa tudu cikin kurangar inabi, sannan shiga ɗakin da ake sarrafa Prosecco, giyar nan mai kumfa. Wanda na bi ya faɗo a Satumba, lokacin tsinkar inabi. Kashin farko ya gamsar da ni ƙwarai, na biyun kuwa an yi shi a gurguje.

Duk wanda ya san noma zai fara lura da yadda aka riƙe ƙasa. Gangaren yana da tsanani, ruwan sama kuma da yawa, don haka manoma suka yanka tudun hawa-hawa, siraran matakala da suke kira ciglioni. Kamar kunya ce mai faɗi, amma ciyawa ce ke riƙe gefenta, ba katangar dutse ba. Saiwar ciyawar ita ke hana zaizaya. In aka kashe ta da magani ko aka ƙwaƙule ta, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya zaftare matakin har da kurangar da ke kansa. Tun 2019 aka hana fesa maganin kashe ciyawa na glyphosate a yankin, sai dai a yanke ciyawar. A wannan shekarar ce kuma UNESCO ta sa tuddan cikin wuraren tarihi na duniya, saboda wannan aikin hannu.

Mai rakiyarmu manomi ne, shi ya sa bayaninsa ya yi nauyi. A wurare masu tsananin gangare tarakta ba ta shiga. Sassabe, feshi, ɗaure reshe da tsinka duk da hannu ake yi, hekta ɗaya tana cin sama da awa 600 a shekara, ninkin ba ninkin abin da ake yi a fili. Doka ta ƙayyade amfanin: tan 13.5 a hekta ga yankin da ya sami matsayin DOCG, babban matakin ingancin giya a Italiya, a 2009, tan 13 ga gangaren da ake kira Rive, tan 12 ga Cartizze, wani tudu mai faɗin hekta 107 kacal. Irin inabin da ake kira Glera dole ya kai kashi 85 cikin 100 na inabin da ake yin giyar da shi. Bai ɓoye matsalolin ba: ƙanƙara tana iya lalata amfanin shekara cikin 'yan mintuna, danshi yana jawo cutar peronospora a ganye, sai cutar flavescenza dorata da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, wadda ba ta da magani sai tumɓuke kurangar.

A ɗakin sarrafawa ne aka gaza. An nuna mana tankuna, aka ja mu zuwa teburin ɗanɗano, alhali nan ne bayanin ya kamata ya zauna. Daga kilo 100 na inabi ba a tatsar fiye da lita 70. Ruwan yana fara tsima, sannan a zuba shi a tankin ƙarfe rufaffe tare da sukari da yisti ya sake tsima cikin sanyi, iskar ba ta da mafita sai ta narke a ciki ta zama kumfa. Wani ɗan Italiya, Federico Martinotti, ne ya yi rajistar wannan hanya a 1895. In tankin ya yi zafi, ƙamshin tuffa da fure ya tafi; in sanyi ya yi yawa, yistin ya tsaya. Tsohuwar hanyar gida, col fondo, a cikin kwalba ake sake tsimawa, a bar yistin ya kwanta a gindi, shi ya sa ba ta fitowa garau. Sai da aka tambaya aka ambace ta. Rubutun kwalba ma yana ruɗar mutane: wadda aka rubuta wa Extra Dry, sunan da ke nuna kamar ba ta da zaƙi, tana da sukari giram 12 zuwa 17 a lita, ta fi wadda aka rubuta wa Brut zaƙi.

Abin da ake zubawa a ƙarshe giya ce, barasarta kusan kashi 11 cikin 100. Wanda ba ya sha ya faɗa tun lokacin da yake kama gurbi, ya nemi zagayen gona kawai ko a tanadar masa ruwan inabi na kwalba. Ya yi hattara da ɗanyen ruwan da aka tatsa lokacin tsinka, wanda suke kira mosto, domin yana fara tsima da kansa cikin kwana kaɗan. A tambayi ranar da aka tatse shi.

Daga Venis jirgin ƙasa yana kaiwa Conegliano cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, daga nan sai bas ko motar haya. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, don ciyawar safe tana da santsi, mai ciwon gwiwa kuma ya nemi hanyar da ke bin gindin tudu. Kafin a biya, a tabbatar wanda zai yi rakiyar yana aiki a gonar da kansa.