Na'urar Hofmann: a sayi mai filatinam, a duba famfunanta

Cikin kayan gwajin kimiyya da ake sayar wa makarantun sakandare a Jos, babu wanda ke nuna wa ɗalibi iskar haidurojin ƙiri-ƙiri kamar na'urar Hofmann, wadda ke raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin da wutar lantarki. Bututun gilashi uku ne a haɗe ta ƙasa: biyu na gefe masu ma'auni da famfo a kai, na tsakiya kuma ta nan ake zuba ruwa. Iri biyu ake kawowa, mai sandunan filatinam da mai baƙin sanda na garafayit. Duk makarantar da ke da hali ta ɗauki ta filatinam ko da ta fi tsada, domin garafayit yana cinye wani ɓangare na iskar oksijin, ya kuma riƙa zubar da baƙi cikin ruwa, sai lissafin kashi 2 na haidurojin da kashi 1 na oksijin ya ƙi fita.

Ruwa zalla ba ya ɗaukar wuta sosai, sai an sa masa ɗan asid na salfa mai rauni. Kada a yi wayon zuba gishirin miya, iskar kulorin za ta taso, mai shaƙe mutum. Da batir mai bolt 6 zuwa 12, kumfa za ta fara tashi nan take, ta fi yawa a sandar nagatif inda haidurojin ke taruwa. A fara barinta ta yi aiki famfo a buɗe na 'yan mintuna, saboda oksijin ya fi narkewa a ruwa.

Inda masu araha ke ba da kunya shi ne famfo. Haidurojin shi ne na 1 a jadawalin sinadarai, furoton ɗaya da ilektiron ɗaya, nauyinsa 1.008, ya fi iskar da muke shaƙa sauƙi kusan sau 14. Ƙanƙantarsa ta sa yake sulalewa ta kafar da ido ba ya gani, ga shi ba launi ba wari. A shafa wa famfo giris na gilashi ko basilin, tun a shago kuma a murɗa a ji ko ya zauna daram.

Wani abu da takardar da ke cikin kwalin ba ta faɗa: Jos na kan tudu, kimanin mita 1,200, matsin iska bai fi milimita 660 na makuri ba, ba 760 na bakin teku da littafi ke lissafi da shi ba. Rabin amfiya na wuta da littafi ke cewa zai ba da mililita 3.5 na haidurojin a minti, a nan ya haura 4. Malam ya sa yara su gyara lissafi, kada a zargi na'urar.

Wajen gwaji, a tari iskar a ƙaramin bututu bakinsa ƙasa, a matsa nesa da na'urar kafin a kai ashana, za a ji "fat". Daga kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari a iska yana kamawa da wuta, saboda haka tagogi a buɗe, a kuma kashe risho da duk wata wuta da ke kan teburin.