Skof 8x a PUBG Mobile: sati uku ina binsa, ga abin da ya yi min

Wallahi tun da na fara buga PUBG Mobile babu abin da nake wa kwaɗayi kamar skof 8x, wato madubin hange da ake ɗora wa bindiga mai kusanto da abu ninki takwas, ko bindiga ban cika damuwa da ita ba kamar shi. In na sauka Pochinki ko School a taswirar Erangel haka zan yi ta shiga ɗaki ina fita, wasu na tsintar riga da hular kwano ni ina neman wannan dogon madubin, kuma kun san ba ko'ina ake samunsa ba, sai ka buga wasa biyar baka gan shi ko sau ɗaya ba. Toh a watan nan na ce bari in mayar da hankali a kansa sosai, duk wasan da na same shi sai na riƙe shi har ƙarshe, in gani ko da gaske ya cancanci yadda muke rububinsa.

Abin da ya faru ranar Asabar da daddare shi ya sa nake wannan rubutun, don har yanzu abin na ci min rai. Taswirar Miramar muka shiga, mu huɗu, ni da ƙanena da abokanmu biyu. Mun sauka Pecado mun sha fama a wajen filin damben nan, muka fita da rai dukkanmu, ni na samu Kar98k, bindigar harbin nesa (sinaifa), da 8x a akwatin wani da muka kashe, ga bindigar M416 a ɗaya hannun. Zon, wato da'irar da dole 'yan wasa su kasance a cikinta, ya yi ta matsewa har ya kai mu kan wani tudu, saura mutum tara a cikin ɗari, mu huɗu duk muna raye, ga mu a sama kowa yana ƙasanmu, irin wurin da in ka samu ka san nasara ta kusa. Sai na hango wani can nesa a bayan dutse yana leƙowa yana komawa. Na kwanta na buɗe skof na kafa masa ido. Harbin farko ya wuce ta saman kansa, na ja kan bindiga na sake ɗanawa, kun san Kar98k sai ka jira ta bayan kowane harbi, na biyu ya same shi a ka amma bai faɗi ba, ashe hular lebul 3, mafi ƙarfin huluna, ce a kansa. Raina ya ɓaci, na ce sai na gama da shi. Duk wannan lokacin ƙanena yana ta ihu a kunnena, "Yaya hagunka! Yaya suna hawowa ta hagu!" ina jinsa amma idona na cikin madubi, abin da nake gani a fuskar waya dutse ɗaya ne da rabin kafaɗar mutum, sauran duniya baƙi ƙirin. Kafin in rufe skof in juya in canza bindiga, mutum biyu sun riga sun iso kaina da UMP45. Ni na fara faɗuwa, ƙanena ya zo ɗaga ni aka haɗa da shi, sauran biyun basu daɗe ba. Muka ƙare a na uku. Wasan da ya kamata mu ci.

Babbar matsalarsa kenan, yana kawo maka na nesa har gaban hancinka amma yana rufe maka na kusa ruf. A kwamfuta wataƙila da sauƙi tunda allon babba ne, amma a waya mai inci shida da ɗan wani abu, ga yatsu sun rufe gefe da gefe, da ka buɗe 8x ka zama makaho a kan duk abin da ke kewaye da kai. Sannan ko ɗan motsi kaɗan yatsanka ya yi, alamar ta tsallake mutum da nisa, musamman mu masu amfani da jairoskof, wato saita bindiga ta hanyar karkata waya, hannunka ya ɗan girgiza shikenan. Sai da na rage sensitibiti, wato saurin motsin alamar, na 8x ƙasa sosai kafin na fara iya tsayar da shi a kan mutum. Ga kuma netwok, ranar da fin (ping, ma'aunin jinkirin netwok) ya haura ɗari da hamsin mutumin da kake gani a madubi ya riga ya bar wurin, harbin iska kawai kake.

Amma fa kar in zalunce shi, akwai ranar da ya faranta min rai har na tashi zaune a kan katifa. A Erangel ne, muna kan tudu muna kallon gadar da ke shiga Military Base, sinaifar AWM a hannuna da muka ɗauka a akwatin da jirgi ke jefowa. Wani ya tsaya a bayan mota yana shan magani, nisan da ko da 4x ɗigo kawai za ka gani. Na ɗaga alamar kaɗan sama da kansa saboda harsashi yana sauka in tafiya ta yi nisa, na saki ɗaya, ya zube. Hular lebul 3 bata hana AWM komai. Wannan daɗin babu skof ɗin da zai baka shi sai 8x. Kuma yana da amfani wajen leƙen asiri, a manyan taswirori irin Erangel da Miramar masu kilomita 8 ta kowane gefe, kafin ku tsallaka fili kana iya duba tagogin gidaje da kan duwatsu. Wani abin da na lura kuma, ciyawa bata fitowa daga nesa, mutum zai kwanta a cikin ciyawa yana ganin ya ɓuya, kai kuwa kana ganinsa a fili kamar an shimfiɗa shi a tabarma. A ranar nan cewa na yi lallai 8x sarki ne.

Sai dai da na zauna na ƙirga, irin wannan harbin sau nawa na yi shi a sati uku? Sau huɗu ko biyar. Mutuwar da na yi ina cikin madubi kuwa ta fi goma. Kuma baya hawa M416 ko AKM, sai sinaifa da irinsu SKS da Mini14 da SLR, wato in baka samu ɗaya daga cikinsu ba kaya ne kawai kake ɗauke da shi yana cin wuri a jaka. A Sanhok kuwa ko Livik ma kar ka wahalar da kanka, Sanhok kilomita 4 ce duk daji da bishiyoyi, Livik 2 ce kacal, kafin ka gama saita shi an zagayo ta bayanka. E na san ana iya rage shi ya koma 4x, na gwada, amma a tsakiyar faɗa wa ke da lokacin jan wannan ɗan layin?

Wanda ya bani mamaki shi ne 6x, wanda da can nake rainawa. Yana hawa M416, ka rage shi zuwa 3x ka yi feshi a kan mutum yana gudu ko mota tana tafiya, bindigar bata cika tsalle ba, in kuma ka samu Kar98k ko M24 ka mayar da shi kanta ka buɗe shi gaba ɗaya, kusan duk harbin da ake yi a wasa zai isar maka. A zon na ƙarshe kuwa, inda ake cin wasa ko a faɗi, red dot (ƙaramin madubi mai jan ɗigo na harbin kusa) ko 3x ne ke aiki, fili ya riga ya zama kamar tsakar gida.

In maki zan bayar, 8x biyu da rabi cikin biyar, da na so in ce uku saboda harbin gadar nan amma duk sanda na tuna tudun Miramar sai in fasa. In kana da abokin da zai tsaya ya tsare maka baya, kuma hannunka baya rawa, ɗauke shi. Ni dai jiya na tsince shi a wani gida a Rozhok, na yi wa ƙanena alama ya zo ya ɗauka tunda shi ke da SKS, na wuce da 6x ɗina.