Gargaɗi ga masu tuƙa jirgin yaƙi a kwamfuta: a kula da mai tallar Apache a filash

Jama'a, musamman 'yan uwa na wajen Bichi, Dambatta, Kazaure da Ringim da suka fara sha'awar DCS World, wasan tuƙa jiragen yaƙi a kwamfuta, akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Mai tallar yana cewa zai ba ka jiragen wasan, wato helikwaftan Apache da A-10C da Mi-24 da Ka-50, gaba ɗaya a filash guda, har da sandar tuƙi ta hannu, a kuɗin da bai kai na jirgi ɗaya ba. Ka tura rabi kafin alƙalami, ya ba direba a tasha. Damfara ce.

Shi DCS World kansa kyauta ne. Kamfanin Eagle Dynamics ne ke da shi, ana sauke shi daga shafinsu ko daga Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, kuma yana zuwa da jirage biyu ba ko sisi: Su-25T, jirgin kai hari na Rasha, da TF-51D, tare da taswirar Kaukasus. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan wannan, ruwan rijiyar gidanku ya sayar maka. Girmansa kuma ya haura gigabayit 100 nesa, don haka filash mai 32 ba zai ɗauke shi ba. Wani filash ɗin ma an yi masa rufa-ido, yana nuna terabayit 1 a allo, da ka wuce ɗan gurbinsa na gaskiya sai fayiloli su lalace. A Windows kaɗai yake aiki. Bidiyon da ake nunawa wai Apache ne a wayar Android, daga kwamfuta aka naɗo shi.

Inda aka fi cin mutane shi ne asusu. Jiragen da ake saya, irin AH-64D, wato Apache, da ya fito a 2022 ko Mi-24P na 2021, ba kaya ba ne da za a kwafe daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Lasisinsu a ɗaure yake da asusun wanda ya saya. To sai mai tallar ya ba ka suna da kalmar sirri na wani asusu, ka shiga, ka ga jiragen reras, ka tura cikon kuɗi. Amma imel ɗin da aka buɗe asusun da shi yana hannunsa. Ranar da ya ga dama sai ya ce ya manta kalmar sirri, a tura masa sabuwa, ya rufe ka a waje, ya sayar wa na gaba. A ƙauye abin ya fi jinkirin bayyana, saboda wasan yana iya yin 'yan kwanaki bai sake tantance lasisi ba. Sai ranar da ka samu sabis ka haɗa intanet, ya nemi ka sake shiga, kalmar ta ƙi. Lokacin lambar mutumin ta daina shiga. Ba ka da bakin kai ƙara wurin kamfanin ma, tunda asusun ba naka ba ne tun farko. Wanda kuma ya ce nasa "fasasshe" ne, wato an cire masa kariyar lasisi, sai ka kashe antibairos kafin ka saka, to ƙofa yake so ka buɗe wa manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta ajiye, har na banki.

Akwai kuma wanda ke tallar Super Tucano da fentin sojin saman Najeriya, don ya san zuciyarmu na wurin. Gaskiya ne Najeriya ta karɓi wannan jirgi, wato A-29, guda 12 daga Amurka a 2021. Amma A-29B da ake tuƙawa a DCS masu sha'awa ne suka haɗa shi suka sake shi kyauta.

Sai sanda. Hoton da suka fi sawa na Thrustmaster HOTAS Warthog ne, kwafin sandar A-10C. Na gaske ƙarfe ne, sanda da totur sun haura kilo 6, ba abin da za a naɗe a leda a miƙa wa kwandasta ba. Kuma sandarsa ba ta murɗawa. Duk wanda ya ce maka Warthog ɗinsa na murɗawa don juya wutsiyar helikwafta, bai taɓa riƙe shi ba. Da shi sai ka nemi feda daban, in ba haka ba Apache zai yi ta juyi da kai tun kafin ka bar ƙasa. Abin da ke isowa, in ya iso, yawanci tsohuwar sandar roba ce da cikinta ya cinye.

Ba a cinikin biri a sama. Ka ɗauki kwamfutarka ka shigo Kano, ku haɗu a shagon da ka sani. Ka soka sandar, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe bayanan na'urar. Sunanta na gaskiya zai fito. Ka sake ta: alamar giciye ta tsaya cak a tsakiya. In tana rawa ita kaɗai, na'urar auna motsin ta gaji, kuma da irinta ba za ka iya tsayar da helikwafta wuri ɗaya a iska ba. Ka kai ta kusurwa huɗu a hankali, ka danna kowane maɓalli. Logitech Extreme 3D Pro tana da 12, duk su haska. In sandar Thrustmaster T.16000M ce, ka fi matsa wa murɗin, don nan ta saba fara lalacewa.

Kafin duk wannan ma, duba injinka. Ƙasa da RAM gigabayit 16 da katin hoto mai zaman kansa, wahala kawai za ka sha, ga cin wuta da ƙaramin sola ba zai ɗauka ba. In injin ya isa, buɗe asusu da imel ɗinka a shafin Eagle Dynamics, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Suna ba da gwajin kwana 14 kyauta a kan yawancin jiragen, ban da wanda aka sauke ta Steam, kuma suna karya farashi sau da dama a shekara. Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ajiye rasit ɗin POS da hoton hirar, ya je bankinsa a ranar, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda. In ya saka fasasshen, ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'urar daban, ya sake wa kwamfutar Windows.