Doguwar tafiya ko jigilar cikin gari: wacce direba zai kama?

Duk yaron motar da hannunsa ya faɗa, aka fara sakar masa sitiyari, sai ya tsaya a wannan mararraba. Ni dai ba na ɓoyewa, ina bayan doguwar tafiya.

Tirelar da ta yi lodin wake ko riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano ta nufi Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ba kasafai take dawowa wayam ba, domin kayan tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can na jiran motar Arewa. Lodi biyu ke nan a fita ɗaya, ga kuɗin hanya. Sannan hanya tana haɗa ka da mutane: dillalan kasuwar Mile 12 ta Legas, kanikawan Tafa da Ogere inda tireloli ke yada zango, masu kayan da za su riƙe lambarka idan sun ga amanarka. Yawancin direbobin da na sani sun mallaki motar kansu, ta nan suka bi. Wahala kam akwai ta: gyangyaɗi a kan sitiyari, layin Apapa, fargabar hanyar Birnin Gwari, iyali kuma sai ta waya.

Tifar yashi kuwa, za ka kwana a gida, amma damina na kankama gini ya ja baya, aljihu ya bushe.

Kafin ka karɓi makulli, ka tsare mai mota da tambaya. Idan gas ya ƙare a hanya, wa zai biya? Taya ta fashe fa? An taɓa zaftare mini albashi kan buhunan da tun wurin lodi ba su cika ba. Ƙirga kaya da idonka kafin ka sa hannu, yarjejeniya kuma a rubuta ta gaban shugabannin tasha.

Ɗan'uwa, ka yi hattara da mazambata. Za ka ga sanarwa a Facebook ko WhatsApp wai kamfanin siminti na ɗaukar direbobi, a turo kuɗin fom ta asusun wani mutum. Kada ka tura ko sisi, taka ka je ofishin kamfanin da ƙafarka. Haka 'yan kamashon lasisi. Tirela tana buƙatar lasisi mai aji G, kuma dole ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Wanda ya ce kawo fasfo biyu gobe ka karɓa, jabu zai miƙo maka. Ranar da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suka duba lambar lasisin, ko kamfani ya tantance takardunka, shi ya kashe waya, kai ne a hannu.