Land Cruiser 80 ko Pajero: wacce za ka saya ta hannu?

Idan hanyar garinku na cin ƙaramar mota da damina, waɗannan biyun za a fara nuna maka.

Land Cruiser 80, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, ita nake so, musamman mai injin dizal 1HZ: silinda 6, lita 4.2, babu tarkacen kwamfuta. Ba ta da gudu, ga nauyi, kuma mai shan fetur ɗin cikinsu sai mai aljihu. Amma injin nan yana jure zafi, ƙafafunta na gaba da baya ƙarfe ne miƙaƙƙe mai ɗaukar duka, kuma daga Kofar Ruwa a Kano har Agadas da wuya ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Matsalarta kuɗi. Ko ta tsufa, mai ita ba ya sakin ta da araha. Ranar da za ka sayar, kai ma ka ci wannan moriyar.

Pajero ƙirar 1991 zuwa 1999 ta fi sauƙin kuɗi, ta fi daɗin tuƙi a kwalta. Injinta 4M40 mai lita 2.8 ba ya son zafi: idan lagireto ya toshe, kan injin na iya tsagewa.

Kowacce ka zaɓa, kai ta kan ramin bakanike ka duba tsatsar ƙasanta, sannan ka saka giyar taya huɗu a cikin yashi kafin ka biya.